Hanta Biyu a Faifai Ɗaya

Daga Allah muka fito, kuma wurinSa za mu tattara mu koma. Ya karɓi surukata, mahaifiyar maigidana, wadda duk gidan muke kira Inna. Da hantsi ne, bayan an gama kai gero rumbu. Ba ta yi doguwar jinya ba. Ta kurɓi kununta, ta tambaya ko an ba tumaki ruwa, aka ce an ba su. Ta ce, na rijiya ko na tafki? Aka ce na rijiya. Sai ta yi kalmar shahada, ta juya fuskarta gabas.

Ƙauyenmu yana ƙasar Sule Tankarkar, ba a bakin hanya yake ba, amma an zo. An zo daga Gumel, an zo daga Gagarawa, danginta na tsallaken iyaka suka biyo ta Maigatari. Na zauna a tabarma ina amsa gaisuwa har muryata ta dushe. "Ya haƙuri?" "Da godiya." "Allah Ya jiƙanta." "Amin, Allah Ya ba da lada." Mai yabon tsaftarta na yi, mai yabon farfesunta na yi. Wata ta ce ba ta taɓa ganin wadda ta kai shekarunta da haƙoranta a baki ba. Duk gaskiya ne. Sai dai kowace in ta gama yabo, sai ta sassauta murya ta ɗan ƙara wani abu a ƙarshe.

Wata dattijuwa daga Gagarawa tana share hawaye ta ce, "Allah Ya yafe mata. Mutuniyar kirki, sai dai baki. Tunkiyata guda ta taɓa kalla, ba ta ga damina ba."

Na ce, "Amin, Gwaggo." Me zan ce a zaman makoki?

Zana ce kawai tsakaninmu da inda maza suke zaune. Ta bayanta na ji wani ya ce, "To, yanzu kam sai a buɗe tafki." Wani ya yi tari don ya rufe dariya. Ban ji wanda ya ce a'a ba.

Bari in yi wa wanda bai san garinmu ba bayani. Yamma da gari akwai tafki. Gefensa ɗaya mai gangare ne, nan ake haƙar ƙasar gini. Ɗayan shimfiɗaɗɗe ne, ruwa iya idon sawu, ciyawa kore shar har sanyi ya wuce. Wannan gefen Inna ta killace da ƙaya tun ina da ƙuruciya, kuma duk shekara in ruwa ya ɗauke sai ta sabunta shingen, don kada tunkiya ko akuya ta sa baki a wurin. Rijiyarmu kuwa mai zurfi ce, igiyarta tana cin hannu, shi ya sa maza ba su taɓa ƙaunar shingen ba. Tumakin kuma yawanci na mata ne. Da su muke yi wa 'ya'ya kayan ɗaki, da su muke suna, su muke juyawa mu kalla in gero ya ƙare sabo bai nuna ba. In shingen ya tafi, abin da na gani da idona a shekarun farko shi zai dawo.

Da girmana na koyi rubutu, a ajin yaƙi da jahilci, hannuna ba ya sauri. Amma na ji abin da za a riƙa faɗa a kanta, kuma ba shi ne ba. Don haka zan ajiye abin da na gani, tun daga shekarun da aka kawo ni gidan, bayan babbar yunwa, lokacin Turawa ba su daɗe da shata iyaka tsakaninmu da Damagaram ba.

Ita daga can aka auro ta, tun babu iyakar. 'Yar mahauta ce, ba ta kuma taɓa ɓoye hakan ba. Ta tashi tana wanke kayan ciki a gidan ubanta, don haka duk inda aka yi yanka a ƙauyen ita ake kira. Sauran mata sukan wanke tumbi da hanji suna kau da kai. Ita sai ta baje komai a faifai, ta tsuguna kamar mai tsince tsakuwa a gero. Kuma ba ta tashi sai ta tambayi mai dabbar, "Ina take kiwo? Ina take shan ruwa?"

Ban daɗe a gidan ba wata tunkiya ta maƙwabta ta kasa tashi, aka yi sauri aka yanka. Ina cikin ɗaki na ji ta ce, "Amarya, zo." Amarya ta ce mini ranar, Amarya ta ce mini har na yi jikoki.

Na zo na durƙusa. Ta ɗora hantar a faifai, ta ce, "Kar ki kalla tukuna. Saurara." Ta ja wuƙa a kai. Sai na ji ƙaras-ƙaras, kamar ana yanka a kan yashi.

"Hanta mai lafiya ba ta magana," in ji ta. "Yanzu duba."

Cikin hantar akwai wasu farare-fararen hanyoyi da suka yi kauri kamar jijiya. Ta matsa ɗaya da babban yatsa, sai ga wani abu ya sulluɓo, falle, launin ƙasa, kamar ganyen marke. Ya motsa. Na yi baya har na zauna a kan sawuna.

"Au, tsoro? Shi ya ci tunkiyar nan tun tana tsaye. Abin da nake so in sani, ta ina yake shiga."

Wannan tambayar ta riƙe har ta koma ga Mahaliccinta.

Ta iya gane ciwon tun dabba tana da rai. Takan ja fatar idon tunkiya ƙasa: in ja ce, lafiya, in ta yi fari kamar auduga, jini ya tafi. Takan shafa ƙarƙashin haɓa, in ta ji kumburi mai laushi kamar ruwa a salka sai ta girgiza kai. Takan fizgi gashi ta ga ko zai biyo hannu. Kashin dabba ma ba ta bari, takan marmasa shi a sakaina da ruwa, ta karkata a rana tana dubawa. Ta raba mini su ɗaya-ɗaya: wannan tsutsar hanji ce, jiƙon ɓawon maɗaci da kanwa kan taimaka, wannan kaska ce ta sha ta, a cire a shafa toka, wannan sammore ne, shanun da suka je kudu ke dawowa da shi. Na hanta kuwa ba ta san masa magani ba, ba ta kuma taɓa cewa ta sani ba. Abin da take cewa kawai shi ne, "A yanka tun da sauran nama."

Takan yi kuskure. Ta taɓa rantsuwa cewa wata akuya hanta ce ke cinta, da aka feɗe sai ga hanta sumul, ga dunƙulen tsumma da igiya a tumbi. Mahaucin garinmu, wanda suke wasa da ita saboda sana'ar ubanta, ya ɗaga tsumman da tsinin wuƙa ya ce, "Inna, ga tsutsarki ta sa zane." Ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Ba ni nan. Yau na ƙaru." Ta wanke tsumman ta shanya, ta yi kwanaki tana tambayar mai akuyar yadda take tuƙa kafin ta rame.

To, daga nan sunan ya fito. Ta ga ciwo ta faɗa, dabba ta mutu, sai aka ce faɗar ce ta kashe ta. A wurinmu ba a cewa dabbar mutum ba ta da lafiya. Ko ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta, "Masha Allah" ake cewa a wuce. Inna ba ta iya wannan ba. Mata suka fara jan tumakinsu bayan ɗaki in sun ji sallamarta. Dattijuwar nan ta Gagarawa da ta yi kuka a makoki, a lokacin aure take a garinmu. Inna ta ja idon tunkiyarta ta ce a yanka, ta ƙi, tunkiya ta mutu mushe. Bayan sallah Inna ta aika mata 'yar tunkiya daga cikin nata, ni na ja ta da igiya har ƙofar ɗakinta. Wannan ba ta tuna ba ranar gaisuwa.

Shekara da shekaru tana tambayar ina take shan ruwa, amsa tana komawa wuri ɗaya: tafki. Waɗanda ake ɗaurewa a gida ana ba su ruwan rijiya ba kasafai take samun abin a hantarsu ba. Ta zargi ruwan, ta zargi ciyawar bakinsa, ta zargi matsattsaku don sun yi kama, har 'yan ƙananan katantanwa na cikin laka ta taɓa kwasowa a ƙoƙo ta zuba musu ido. Ba ta tsayar da ɗaya ba. Ta ce dai a wurin yake.

Wanda zai iya hana kai dabbobi tafki shi ne wan maigidana, ɗanta na fari, don shi ne mai unguwa. Ni Yaya nake ce masa. Kowa ya san kunyar ɗan fari, amma ta Inna ta wuce misali. Ba ta faɗin sunansa, ba ta kallon fuskarsa, ba ta yi masa magana kai tsaye. Ko yana tsaye a gabanta sai ta ce, "Amarya, gaya wa mutumin nan." Shi ma ya saba, ta wurina yake amsawa. Haka na zama hanyar rigimarsu, ina tsakiya kaina a sunkuye.

Ta ce a hana tumaki tafki. Ya ce, "Ki ce wa Inna, tafki yana ƙafewa tun ƙarshen sanyi, tumaki kuwa a bazara suke mutuwa. Ruwan da babu shi ne ke kisa?"

Ta ce, "Gaya masa tsutsa ma sai ta girma."

Ya ce, "Ki ce mata wa zai ja wa tumakin gari duka ruwa a rijiyar nan? Ta nuna mini in gani, sai in sa mutane wahala."

Ta riƙe maganar. Da tunkiyarta ta haifi tagwaye, duka maza, sai ta ɗaure ɗaya a turke a gida, ruwan rijiya da harawa, ta saki ɗayan yana bin garke zuwa tafki. Ba ta gaya wa kowa dalili ba sai ni. Suka girma, ni kuma na haifi 'yata ta fari. Ana shirin suna ta ce duka biyun za a yanka. Gari ya ɗauka: rago biyu don 'ya mace! Mata suna ta guɗa, suna cewa ashe tsohuwa tana ji da amaryarta.

Da aka yi yanka ta tsaya a kan mahauci har ya ba ta hantar kowanne ɗungum. Ta jera su a faifai ɗaya, ta tsaga kowace. Ɗaya ja wur, santsi kamar an shafa mata mai. Ɗayar ta yi tauri, ta yi fari-fari, abin nan yana fitowa daga cikinta. Hantar ragon suna ta mai jego ce, akan gasa mata da yaji, don haka kowa ya zaci ɗakina za ta nufa. Sai ta ɗauki faifan ta yi ƙofar zaure, inda liman da baƙi suke, ta ajiye a gabansu.

Ina ɗaki da jaririya a cinya na ji zaure ya yi tsit. Jim kaɗan sai ga Yaya ya shigo tsakar gida da faifan a hannu, Inna na biye da shi. Suka tsaya a ƙofar ɗakina, kowa ya juya wa ɗan'uwansa kafaɗa.

"Amarya, ki ce wa Inna yau ranar farin ciki ce. Liman ya kau da kai, baƙi sun ajiye goro. Wa ke kai wa maza tsutsa ranar suna?"

"Gaya wa mutumin nan, uwarsu ɗaya, ranar haihuwarsu ɗaya. Wannan ya sha rijiya, wannan ya sha tafki. Shi ya ce a nuna masa. Ya duba."

Ya duba. Zan faɗi wannan domin gaskiya: cikin duk mazan da ke zauren, shi kaɗai ya duba. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Ki tambaye ta, wanda ta ɗaure a gida, me take ba shi kullum da safe?"

Ni na sani, shi ma ya sani.

"Dusa da kanwa da ƙasari," in ji shi. "Yana kwance a inuwa. Ɗayan yana yawo a rana yana cin abin da ya samu. Ko ni aka ɗaure a inuwa ana ba ni dusa, hantata za ta yi kyau."

Matan da ke tsakar gida suka fashe da dariya. Na zaci za ta yi faɗa. Sai ta sake duban faifan. Can ta ce, "Amarya, gaya masa ya yi gaskiya."

Ta karɓi faifan. Mara kyan ta jefa a wuta, mai kyan ta gasa da kanta, ta barbaɗa yaji, ta kawo mini. "Ci, ki yi nono. Ban daidaita su ba. Zan sake."

Abin da gari ya kwasa daga ranar kuwa daban ne. Aka ce ta ware rago ɗaya ta sa masa ido tun yana ƙarami, ga shi nan cikinsa ya ruɓe.

Tunkiyar ta yi ta haifar ɗaya-ɗaya, Inna tana jira. Har na yaye 'yar na yi wani goyon kafin tagwaye su sake zuwa. Wannan karon duka biyun ta ɗaure, inuwa ɗaya, dusa da ƙoƙo ɗaya take auna musu. Bambancin kawai, ɗaya harawa da ruwan rijiya, ɗayan ruwan tafki da ciyawar bakinsa, wadda take zuwa ta yanko da kanta ta ɗauko a ka. Ta sa ranar layya za a yanka su tare, a gaban Yaya. Da rani ya yi nisa, na tafkin ya fara ja baya. Takan kira ni ta ja fatar idonsa, ta ja ta ɗan'uwansa, ta ce, "Kin gani? Ki riƙe a ranki, kar ki ce komai. Wannan karon babu dusar da za a fake da ita."

Ana saura kaɗan layya aka aiko ƙanwarta ta rasu a Gagarawa. Ta tafi zaman makoki. A bayanta surukan Yaya suka sauka daga Maigatari, manyan baƙi, dole a zubar musu da jini. Yaya ya shigo ya dubi ragunan biyu ya ce a kama ramammen, gara a ci shi kafin ya mutu a banza. Ba da mugunta ya yi ba, kowane maigida haka zai zaɓa. Na roƙi maigidana ya ce wa mahauci a ajiye hantar yadda take. Ya faɗa masa, na ji da kunnena.

Amma mahauta suna da tasu al'ada. Mahauci ba ya kunyata maigida a gaban baƙonsa. In ya buɗe ciki ya ga ɓarna, sai ya yanke wurin cikin sauri, ya cusa cikin kashin tumbi, ya ɗaga murya ya ce, "Masha Allah, lafiyayye!" Haka ya yi. Abin da ya iso hannuna ɗan yanki ne mai kyau, bai kai tafin hannu ba.

Da Inna ta dawo ta ga turke ɗaya babu kowa, ko mayafi ba ta cire ba ta aika a kira mahaucin.

"Me ka gani?"

"Nama na gani, Inna."

"Wuƙa ta yi ƙara?"

"Wuƙata kullum cikin ƙara take, tsohuwa ce irinki."

"Ka ji tsoron Allah."

"Don tsoronSa na rufe. Ubanki mahauci ne. Ya taɓa tona wa maigida asiri baƙo na zaune?"

"Bai taɓa ba," in ji ta. "Shi ya sa har ya mutu bai san abin da ke cin dabbobin ba."

Ta ɗauki kara ta tafi juji tana tono. Karnuka da ungulaye sun riga ta. Ta dawo ta zauna kusa da ragon da ya rage, ƙato, gashinsa na sheƙi. Ta dafa bayansa ta ce, "Kai kuma ka yi ƙiba a banza." Ranar ba ta ci tuwo ba. Ban taɓa ganin ta yi kuka ba, ko a mutuwar ƙanwar tata, amma ranar na ga tana goge ido da bakin zane.

Ta sake gwada wata hanya sau ɗaya. Labari ya zo cewa wani Bature ya sauka a Gumel yana duba shanu, wai yana da madubin da ke nuna abin da ke cikin jini. Ta samu wata ɓatacciyar hanta ta binne a toka cikin ƙwarya, ta cika gora da ruwan tafki, ta kama hanya a ƙasa. Ta tarar da shanun Fulani sun cika fili. Dogarin da ke tsare wurin ya ce, "Iya, ina naki shanun?" Ta ce ba ta da saniya, maganar tumaki ce. Ya ce, "Nan na shanu ne." Ta zauna a gindin bishiya tana jira har la'asar, ƙwarya ta fara wari, aka ce ta matsa can. Ko inuwar Baturen ba ta gani ba.

Da ta dawo ina matsa mata ƙafa da ruwan zafi, ta ce, "Wai madubinsa yana ganin abin da ido ba ya gani. Ni kuwa, Amarya, abin da ido ke gani ma na kasa sa mutane su kalla."

A shekarar ta fara shingen. Ta nemi a yi mata gayya, Yaya ya ce shi bai ga komai ba tukuna. Sai ta ɗauki gatari. Magarya da sarƙaƙiya ta riƙa sarowa tana ja, mu matan gida muna taya ta in mun gama surfe. Hannayenta duk tsaga. Makiyaya suka riƙa buɗe ƙofa a shingen, tana toshewa, suna buɗewa. Wata safiya ta tarar da wani magidanci ya ja ƙaya gefe, tumakinsa suna cikin ciyawar. Ba ta zage shi ba. Ta tsaya kawai tana duban tumakin ɗaya bayan ɗaya, don ta san waɗanda za ta riƙa lura da su, ta ce, "Allah Ya ba su lafiya." Mutumin nan ya kora su da gudu har hularsa ta faɗi. Daga ranar ba wanda ya sake taɓa shingen.

Na zaci za ta ji daɗi. Ta dawo gida ranta a ɓace, ta wurgar da gatari. "Tsutsa na ce su ji tsoro, Amarya. Sun ce ni za su ji. To, su ji. In dai tumakin za su rayu, na ɗauka."

Ta ɗauka kuwa. Aka daina kiranta wankin kayan ciki a wasu gidajen. Akwai bikin da ba a gaya mata ba. Mutuwar tumaki a bazara ta ragu sosai, mu da muke da su mun sani. Kun san abin da aka ce? Aka ce tsohuwa ta yi hankali, ta daina kallon dabbobin mutane.

Tagwaye sun sake zuwa mata daga baya, amma ƙarfin ɗauko ciyawa da ruwa daga tafki kullum ya ƙare, kuma ta ce ba za ta ƙara zuba wa rago ciwo da hannunta ba alhali ba mai dubawa. Faifan dai ta rataye shi a ɗakinta, ba ta sake tankaɗe da shi ba.

Ranar sadakar bakwai ta Inna mata suka taru suyar waina. Itace ya yi kaɗan. Ina cikin ɗaki da masu gaisuwa na ji wuta tana ƙara tas-tas, irin ƙarar da ƙaya ke yi. Na leƙo. Shingenta ne, an jawo shi an tara a bakin murhu. Da shi aka soya wainar da aka raba don Allah Ya kai mata lada. Kafin azahar tumakin gari suna cikin ciyawar, har da na 'ya'yana.

Da baƙi suka ragu na je na durƙusa a ƙofar zauren Yaya. Ya tsufa shi ma, gemu fari fat, carbi a hannu.

"Yaya, Inna ta ce…"

Ya ɗaga hannu. "Tun ina yaro ba ta taɓa ce mini komai da bakinta ba. Da kika zo, sai ta bakinki. Yanzu tana ƙasa, har yanzu ta bakinki?" Ya juya fuska. Da ya natsu ya ce, "Igiya ta cinye hannun mutane, Amarya. Shekara nawa suna ja don tsoron tsohuwa. Me zan ce musu yanzu? In ce su ji tsoron kabari?"

Na ce, "Tunkiyata ta haifi tagwaye. Duka maza. Na kafa turke biyu."

Ya ajiye carbin.

"Inuwa ɗaya?"

"Ɗaya."

"Dusa fa?"

"Da ƙoƙonta zan auna."

"Zan riƙa shigowa ina gani," in ji shi. "Kar ki ce ban gaya miki ba, in na ga kin fifita ɗaya zan faɗa."

Bai ce a mayar da shinge ba. Bana kam an riga an sha, abin da zai faru a bazara zai faru, kuma babu bakin da za a ɗora wa. Na je wurin ɗan mahaucin nan, wanda ya gaji wuƙar ubansa, na ce masa ragunan nawa ne, babu baƙon da za a yanka wa su, babu kuma asirin da zai rufa mini. Ya yi dariya ya ce, "Baba, kin zama Inna ke nan." Na ce a'a, ita ta san abin da take dubawa tun kafin a buɗe, ni sai an buɗe.

Allah Ya jiƙan Inna, Ya yafe mata zafin harshenta, Ya saka mata da kowace ƙaya da ta soke ta. Ya sanyaya makwancinta, Ya shayar da ita ruwa mai tsabta. Mu kuma in tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani.

Faifan yana ɗakina yanzu. Duk wanda ya ce bakinta ne, ban roƙe shi ya yarda da ni ba. Ranar layya ya zo ƙofar gidanmu, kuma in an ajiye faifan a gabansa, kada ya kau da kai.